Fawa-banki mai sola da ake sayarwa a Circle: ya isa a dogara da shi ranar ambaliya?

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a watan Afrilu, kasuwar fawa-banki mai sola takan buɗe a Ankara, babban birnin Gana. Ka bi ta Tip Toe Lane a Circle, ko tashar Madina, ko bakin titin Nima, za ka gan shi jere a kan tebur: baƙi ko ruwan lemo, jikinsa lulluɓe da roba, farantin sola a fuska ɗaya, tocila biyu a goshi, an buga masa 30,000 ko 50,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, da manyan lambobi. Sunan da ke kan kwali yakan canza, amma kayan cikin kusan ɗaya ne, shi ya sa za mu yi maganarsa a matsayin kaya guda. Mai tebur zai ɗaga shi sama ya ce, "Hajiya, dubi koriyar fitilar nan, ta kama. Ko sati aka yi babu wuta, rana ta ishe ki." Ita kuma Hajiya tana da hujjar tsayawa. Duk wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya cika Circle, gobara ta tashi a gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, ya san zafin waya ta mutu a hannu alhali ana neman 'yan'uwa. Niyyar saye daidai take. Kayan ne ba su kai ba.

Mu fara da farantin, tunda dominsa ake biyan kuɗin. Bai wuce tafin hannu ba, wajen santimita 7 a faɗi, 14 a tsawo. Da rana tsaka, sama tas, hasken da ke sauka kan fili kamar wannan wat 10 ne, faranti kuwa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kawai yake iya mayarwa lantarki. Wat ɗaya da rabi ke nan, in an yi sa'a biyu. Wasu masu ƙera shi ma sun rubuta gaskiyar da ƙananan haruffa a bayan kwali: 5V, 200 ko 300 mA. Batir mai 20,000 mAh na gaske yana cin wat-awa 74. Raba 74 da ɗaya da rabi, ka samu kusan awa 50 na rana mai ƙarfi, kuma a nan bakin teku irin wannan ranar awa huɗu ce zuwa biyar a yini. Wato kwana goma zuwa sha biyu kafin ya cika, in kullum ana shanya shi kamar barkono ana juya shi yana fuskantar rana. Yini guda na shanya, abin da zai shiga wayar da batirinta 5,000 mAh ne bai wuce kwata ba. Wannan kuma lissafin sama tas ne. A watan Yuni, lokacin da kogin Odaw ke cika ya tumbatsa cikin Alajo da Adabraka, sama a rufe take kwana da kwanaki, abin da faranti zai tara ba zai kai rabin haka ba. Daidai ranar da ake buƙatarsa, ranar ce ba shi da abin yi.

Koriyar fitilar nan kuwa ba ta nuna komai sai cewa faranti ya ga haske. Ka kai shi ƙarƙashin ƙwan lantarki na ɗaki, za ta kama.

Abin da ya fi damun mu ba ƙarancin cajin ba ne, zafi ne. An manna farantin a bayan batir, saboda haka ba yadda za a yi a shanya ɗaya a bar ɗaya a inuwa. Batirin litiyam ba a so a caja shi in zafinsa ya haura digiri 45. Baƙin abu kuwa da aka ɗora a kan kwanon rufi ko gaban gilashin mota da azahar, yana wuce haka cikin ɗan lokaci, har hannu ba ya iya riƙe shi. Ruwan sinadarin cikin batir yana lalacewa ya zama iska, batir ya kumbura. Alamarsa a bayyane take: bakin roba ya fara buɗewa, ko ka ajiye shi a tebur ya riƙa lilo maimakon ya zauna daram, ko ka ji wani wari mai ɗan zaƙi. In ya kai nan, kada a danna shi, kada a soke shi da allura wai a fitar da iska, kada a sake jona shi. A fitar da shi waje, a sa a gwangwanin ƙarfe ko tukunyar ƙasa da yashi, nesa da kaya. Ɗakunanmu na zango ciki ɗaya ne, katifa da labule da akwatin tufafi duk a haɗe, maƙwabci kuma katako ne ya raba ku. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025 ba zai kwana da kumburarren batir a ƙarƙashin matashi ba.

Sai lambar da ke jikinsa. Ƙwayar batir da aka fi sakawa, mai siffar ɗan yatsa da ake kira 18650, nauyinta giram 45 zuwa 48 ne, mafi kyawunta kuma ba ta wuce 3,500 mAh. Kafin a haɗa 50,000 sai an jera 15, wato kusan giram 700 na batir zalla, ban da roba da faranti. Ba sai ka nemi sikeli ba. Ɗauki ledar fiya-wata a hannu ɗaya, rabin kilo ce cif, ka ɗauki fawa-bankin a ɗaya hannun. Mai 20,000 na gaske ya ɗan gaza ledar nauyi kaɗan. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai kai ledar ba, ƙarya ce aka buga masa. Nauyi kaɗai ma ba shaida ba ne, don in an buɗe wasu akan tarar da ƙwaya biyu masu aiki, sauran an cika su da yashi an liƙe. Gwajin da ba ya ƙarya a gida ake yinsa: ka cika shi da wutar bango, ka bar wayarka ta sauka kashi 10, ka caja ta har ta cika ba tare da kana taɓa ta ba, ka maimaita kana ƙirgawa. Mai 20,000 na gaske zai cika waya mai 5,000 sau biyu da rabi zuwa uku. Ba zai kai huɗu ba, kuma wannan ba cuta ba ce: batirin ciki bolt 3.7 ne, sai an ɗaga shi zuwa 5 ya bi igiya, waya ta sake saukar da shi, kowane mataki wani kaso na tafiya a zafi.

A ba shi haƙƙinsa. Tocilarsa tana da haske, tana kuma daɗewa, kuma gara a haska da ita da a ƙone batirin waya wajen neman takalmi a duhu. Robar jikinsa tana ɗaukar faɗuwa. Igiyoyin da aka dasa a jikinsa sirara ne, daga wuya suke karyewa. Cajin da ake ɗora waya a kai ba igiya yana zubar da wuta da yawa, ba na ranar wahala ba ne. Batun ba ya jin ruwa kuma, ɗan murfin roba ne a kan ramukan caji. Da ka buɗe don jona igiya, zance ya ƙare.

Hukuncinmu shi ne, mazaunin Ankara ko Kumasi kada ya saye shi saboda sola. Wanda ya riga ya saya ya ɗauke shi a matsayin fawa-banki na yau da kullum mai tocila, ya riƙa caja shi a bango, ya gwada shi ya san sau nawa yake cika wayarsa. Wanda ke buƙatar sola da gaske, kamar mai zuwa gona ko kiwo ko fatauci a arewa inda ake kwanaki babu wuta, faranti mai naɗewa na wat 20 zuwa sama zai nema, mai ramin USB. Ana shimfiɗa faranti a rana, a ja igiya, a ajiye fawa-banki a inuwa. Fawa-banki ake cajawa da shi, ba waya kai tsaye ba, don duk gajimaren da ya gifta sai caji ya yanke ya dawo, allon waya ya riƙa kunnawa yana cinye abin da ya shiga.

Kuɗin mai solan ya fi amfani in aka sa shi a 20,000 maras ado, na kamfanin da ke da wakili da garanti, irin su Oraimo, Anker, itel ko Xiaomi. Su ma ana buga na jabu, don haka a saya a shagon da zai ba da rasit, in akwai lambar kankarewa a kwali a duba ta tun a gaban mai shago. Abu biyu ake karantawa a ƙananan haruffa. Na farko, ƙarfin da yake fitarwa a 5V. Mai gaskiya zai rubuta wajen 12,000 zuwa 13,000 mAh. Na biyu, ƙarfin da yake karɓa. Wannan mutane ba sa kula da shi, alhali a lokacin dumso, wato yawan ɗauke wuta, shi ne komai. Mai karɓa ta tsohon ramin micro a wat 10 sai ya kwana a jone, awa takwas zuwa goma. Mai karɓa ta Type-C a wat 18 ko 20 awa biyar zuwa shida ya cika, da sharaɗin kan cajar ma ya kai wannan ƙarfin. In ECG, kamfanin wutar lantarki, ta kawo wuta ta awa huɗu ta ɗauke, mai Type-C ya kusa cika, mai micro bai kai rabi ba. Gidan da ke da mutane da yawa kuwa, gara 10,000 guda biyu da 20,000 guda ɗaya, don ruwa yana raba iyali: maigida a Agbogbloshie, uwargida da yara a Fadama. Da damina a bar shi cike, da rani a leƙa shi duk wata uku a ƙara masa. Wurin ajiyarsa sama, tare da takardu, ba durowar ƙasa ba. Igiya gajera mai kauri, a gwada ta, a ɗaure su tare da roba. Sau da yawa wayar da aka ce ba ta caji, ƙura da zaren aljihu ne suka toshe ramin. Tsinken sakace ake sawa a hankali, ba allura ba, don ƙarfe yana haɗa wayoyin ciki.

Akwai abin da ya fi fawa-banki araha kuma ya fi shi ceto: ƙaramar waya mai madannai, wadda a nan ake ce wa yam. Caji ɗaya yana kai ta kwanaki, batirin yawancinsu ana cirewa a sa wani, tana da tocila, tana kama rediyo, kuma *170# na MoMo, wato kuɗin waya na MTN, yana aiki a kanta in layin MTN ne a ciki, kamar yadda yake yi a babbar waya. A sa mata layin wani kamfani dabam. In babbar MTN ce, ita a sa Telecel ko AT, don ƙarfen sabis na kamfani ɗaya kan mutu na wani yana aiki. A riƙa yin kira da layin ko sau ɗaya a wata, kada a rufe shi a ba wani. Ga wani abu da ke rikita mutane: wutar da yam ke ja kaɗan ce ƙwarai, sai fawa-banki ya ɗauka babu abin da aka jona ya kashe kansa bayan 'yan daƙiƙu. Ba lalacewa ba ce. Wasu suna da yanayin ƙaramin caji, a danna maɓalli sau biyu ko a riƙe shi. A duba takardarsa tun yau. Rediyon ma a kama tashoshin a adana, Marhaba a Ankara, Zuria a Kumasi, da wata tashar labarai. A yawancin manyan wayoyi rediyo ba ya kamawa sai an jona abin sauraro mai igiya, don igiyar ce eriya.

Jakar roba ta kare waya daga ruwa, mai ratayawa a wuya, da ake sayarwa a tebur ɗaya da mai solan, ita kam ta biya kuɗin sabulu, amma sai an gwada. A sa tishu a ciki, a kulle, a danne ta da dutse a bokitin ruwa minti 30. Tishu ya fito a bushe, a amince da ita. In babu, ledar zif biyu, ɗaya cikin ɗaya, bakin kowace yana kallon gefe dabam. Kada a ruɗu da IP68, alamar jure ruwa, da aka rubuta wa waya. An auna ta ne a ruwa mai tsabta tana sabuwa, kuma duk wayar da aka taɓa canza wa gilashi ko murfin baya, gam ɗin asali ya tafi. Na hannu a Circle kuwa, mai yiwuwa an taɓa buɗe su.

Sauran shirin ba ya cin ko pesuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta, tana fita ko waya a kulle take ko babu kati. Tsofaffin lambobi su ne 191 'yan sanda, 192 'yan kwana-kwana, 193 motar asibiti. A adana su duka, da lambar ofishin NADMO, hukumar agajin gaggawa, na gundumarku. A wayar Android daga 12 zuwa sama, a shiga saiti a rubuta SOS a gurbin bincike, don Tecno da Infinix da Samsung kowa da inda ya ɓoye shi. Danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana kiran lambar da aka sa, wasu kuma har su tura wa 'yan'uwa inda kake. A bar ƙarar gargaɗi da ƙirgen daƙiƙu a kunne, saboda yara da matsewar aljihu. Kiran banza yana tare layi ga wanda gidansa ke ci da wuta. A wurin nan ne kuma ake cike bayanin lafiya: rukunin jini, ciwon suga, hawan jini, sikila, maganin da jiki ba ya so, da lambar mutum biyu. Wanda ya tsince ka zai gani daga allon kulle ba sai ya san lambar sirrinka ba. A iPhone, cikin manhajar Health ake cikewa.

Tambayar farko da mai amsa 112 zai yi ita ce kana ina, kuma nan ne lungunan Nima da Mamobi da Aboabo ke ba da wahala. A tsaya a ƙofar gida ranar da sabis ke da kyau, a buɗe GhanaPost GPS, a ɗauki adireshin, haruffa biyu da lambobi. A rubuta shi a takarda a manna bayan ƙofa, a koya wa yara. Amma lamba kaɗai ba ta shigo da mota lungu. A shirya kwatance tun daga babban titi: masallaci kaza, bayan babbar kwata, a tsaya a famfo. Sannan a tura yaro bakin titi ya tare su. Taswira ma a sauke ta a waya tun ana da data. A Google Maps, a taɓa hoton asusu, a zaɓi Offline maps, a ja akwatin ya rufe daga Kasoa zuwa Tema. GPS ba ya buƙatar data, don daga tauraron ɗan'adam yake ji. Sai dai wadda aka sauke hanyar mota kawai take nunawa, kuma wa'adinta na ƙarewa in ba a sabunta ba; Organic Maps tana nuna ta ƙafa ba tare da data ba. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku suka yanke intanet ta yi kwanaki tana rarrafe a Gana, ya san ba sai an yi ruwa ake rasa data ba. A saitin gaggawar nan akwai faɗakarwar girgizar ƙasa, a kunna. Ankara ta ga babba a 1939, ta kuma ji motsi a Disamban 2022, musamman ta wajen Weija da Gbawe.

In abin ya zo, saƙon tes ya fi kira. Kira yana buƙatar layi a buɗe tun daga farko har ƙarshe, saƙo kuwa ɗan ƙarami ne, yana jira a layi ya wuce da zarar an sami sarari. A rubuta gajere: lafiya lau, muna masallaci sama, batir 20, zan kunna ƙarfe 9. Ga abin da ya shafe mu masu rubuta Hausa: saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ mai lanƙwasa, ko hoton fuska guda, sai ya koma 70, dogon saƙo ya rabu uku, wani ya isa wani ya maƙale. Ranar gaggawa a rubuta k da d da b zalla. Batir kuma, ba abin da ke shanye shi kamar raunin sabis, don waya tana ƙara ƙarfi tana laluben ƙarfe. In sanda ɗaya ce ke zuwa tana ɓacewa, a sa yanayin jirgin sama, a riƙa cirewa minti biyar kowace awa. A rage hasken allo, a kunna tsimin batir mafi tsanani, a hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, don a irin wannan ranar ƙungiyoyi cike suke da hotunan ruwa. A caja waya zuwa 80 a cire. Daga nan sama caji jan ƙafa yake yi.

A ɗauki hoton Ghana Card gaba da baya, da katin inshorar lafiya na NHIS, da takardar gida ko haya, a bar kwafi a waya da kuma Google Drive. A danna *#06# a rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda, tare da lambobin mutum biyar da kalmar sirrin asusun Google, a sa a leda. Lambar sirrin MoMo kuwa a kai take zama, ba a waya ba, ba a bayan murfi ba. A ajiye 'yan canji a ledar, don ranar ruwa rumfar mai MoMo a rufe take.

In duk da haka waya ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, kada a kunna don a ga ko tana aiki, kuma kada a jona ta da caja ko fawa-banki. Ruwa da wuta in sun haɗu a kan allon ciki, tsatsa ce ke cin siraran layuka cikin awoyi. A cire murfi da tiren layi, a goge, a riƙe ramin caji yana kallon ƙasa. Shinkafa ba ta janyo ruwan da ke ciki, ƙurarta ma toshe ramuka take yi. Na'urar busar da gashi da kusa da murhu suna tura ruwan ciki su kuma cutar da batir. Ruwan kwata ba ruwan sama ba ne, akwai gishiri da mai da laka, ko ya bushe suna nan suna ci. A kai ta wurin mai gyara cikin yini guda, a ce masa ya buɗe, ya fara cire kan batir, ya wanke allon ciki da sifirit na gyaran waya mai kashi 99, ya bushe sarai kafin ya gwada. In ya miƙa hannu zai jona ta da caja tun bai buɗe ba, a karɓi waya a tafi benci na gaba. Layin kuwa ruwa ba ya kashe shi. A goge shi a sa a yam a ci gaba da kira.